Sunan Wa Ke Sama?

Ranar da Muftahu ya fara ganin Ruhaina, masifarta ta riga sallamarta isowa. Ta sauko daga trotro, ƙaramar motar haya, a bakin titin unguwar Nima rungume da laftof, ta tsaya gaban shagonsa na gyaran kwamfuta. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ajiye nan, ki dawo gobe."

"In ajiye nan? Waakye ka ga na kawo maka, shinkafa da wake?"

Ya ɗago ya dube ta. Daga nan bai ƙara sanin inda ya ajiye sukudirebarsa ba.

Bayaninta gajere ne, kuma da zafi. Kwamfutar ta babanta ce, Alhaji Ishawu na unguwar Maamobi, wanda rabin katunan aure da na suna da na addu'ar mamata a Zongo, unguwannin Hausawa, daga hannunsa suke fitowa. Da Windows yake aiki. Ita kuma tana koyon rubuta manhaja a wata makaranta a Adabraka, malaminsu ya ce sai da Ubuntu, wato kishiyar Windows wajen tafiyar da kwamfuta. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, kuma da ƙyar Alhaji ya yarda a taɓa ta.

"In kati ɗaya na Baaba ya ɓace, wallahi shagon nan ya zama tarihi."

"Ba abin da zai ɓace kuraa, ko ɗaya, Hajiya. Zan kwashe komai in adana tukun. Sai in matse Windows, in yanka miki fili, in zuba naki. Kowa da ɗakinsa. In an kunna, za ta nuna suna biyu, a zaɓi wanda ake so."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"To, Gimbiya."

"Yi aikinka."

Ya yi aikinsa da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma so yana sa mai wayo wauta. Jerin sunayen nan daƙiƙa biyar yake jira, in ba a taɓa komai ba sai ya shige na sama. Ga kowa Muftahu yakan mai da Windows sama. A nan sai ya bar Ubuntu a sama, har ya goge sunan ya rubuta RUHAINA, yana murmushi shi kaɗai.

Da ta gani ta ja tsaki, amma ba ta ce ya canja ba. Ita ke kunna wa Alhaji kwamfutar kowace safiya, ta zaɓar masa Windows kafin ta kawo masa koko, don haka bai taɓa ganin jerin ba.

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Gimbiya, kwamfuta lafiya?"

"Lafiya. Kai ne ba ka da aikin yi."

"Aikina ke nan, tunaninki."

"Mtsw. Ka ci abinci dai?"

Kafin azumi ya zagayo, kawunnan Muftahu sun kai goron gaisuwa Maamobi. Alhaji ya karɓa ya ce zai yi shawara, domin akwai Mutala, ɗan amininsa mai sayar da wayoyi a kasuwar Circle, wanda ya riga ya yi magana, kuma kullum yana matsa a ba shi amsa don zai yi tafiya.

Ana cikin haka, wata safiya Ruhaina ta fita jarrabawa da sassafe. Dattawa uku suka zo karɓar katin addu'ar arba'in ta ɗan'uwansu. Alhaji ya kunna kwamfuta da kansa, ya juya neman tabarau. Kafin ya juyo, ga wani allo da bai sani ba yana tambayarsa lambar sirri. Ya kashe ya sake kunnawa. Wannan karon ya ga rubutu, amma kafin ya gama haɗa haruffan ta sake shigewa. Sai a na ukun ya karanto abin da ke sama: sunan 'yarsa. Dattawan suka yi ta kallon ƙasa, can ɗaya ya ce, "Ba komai Alhaji, ma jira yarinyar ta dawo."

Wannan kalmar ce ta kashe shi. Mutumin da Zongo ke zuwa wurinsa, yau ana jiran 'yarsa ta buɗe masa ƙofar sana'arsa.

Kafin azahar goro ya koma Nima. Mutala kuwa ya iso da filas, ɗan abin zuba manhaja a kwamfuta, a aljihu. "Baaba, na ce maka yaron nan ba shi da kunya paa, ko kaɗan. Bari in share komai in zuba sabo." Share komai na nufin har aikin Ruhaina na kammala makaranta. Ta dawo ta tarar ana shirin haka, ta fizge laftof ɗin ta kulle kanta a ɗaki, ta rubuta wa Muftahu saƙo.

"Ka tozarta ubana gaban mutane. Wa ya ce ka sa ni gabansa? An mai da goronku, kuma daidai ne."

"Gimbiya, don ina sonki na yi."

"Kar ka ƙara ce mini Gimbiya. Son da zai taka Baaba, riƙe abinka."

Haushin da ya fi ci mata rai shi ne ta ga sunan tun ranar farko, ya yi mata daɗi, ta bar shi a haka.

Bayan la'asar Muftahu ya zo. Bai kawo hujja ba. Ya cire takalmi ya durƙusa a tsakar gida, Mutala na zaune kan benci yana kaɗa ƙafa.

"Kai yaro," in ji Alhaji, muryarsa har maƙwabta, "a gidanku haka ake yi? A shigo gida a tsallake mai gida a wuce wurin 'yarsa?"

"Na yi kuskure, Baaba. Ka bar ni in gyara, ko da ba za ka ba ni ita ba."

Ruhaina ta fito ta dangwarar masa da laftof ba ta dube shi ba. Ya shiga ɓangarenta, ya buɗe fayil ɗin da ke tsara jerin, ya ce, "Yanzu Windows zai koma sama. Ko ba ka taɓa komai ba, kai tsaye za ta kai ka."

Alhaji ya ɗaga hannu. "A'a! Ka ga halin naka ko? Da ka zaɓar mata, yanzu za ka zaɓar mini. Wa ya aike ka? Ni ba abin da ya ƙona mini rai kamar ƙirgen daƙiƙoƙin nan. Ina neman tabarau, inji yana yanke mini hukunci! Cire shi. Ta tsaya ta jira har mutum ya karanta ya zaɓa."

Muftahu ya cire ƙirgen, ya sake kunnawa. Sunaye biyu suka fito suka tsaya cak. Alhaji ya sa tabarau a nitse, ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa. Ba abin da ya motsa.

Mutala ya gyara murya. "Baaba, maganata fa? Jumma'a zan tashi, in ba ka ce komai ba zan ɗauka an ba ni."

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa. "Kai ma ƙirge kake mini?"

Sannan ya juya ga 'yarsa, muryarsa ta sauko. "Uwata, ban tambaye ki ba tun farko. Ga su nan biyu. Ba mai ƙirga miki."

Ruhaina ta share ido da gefen mayafi. Ta harari Muftahu harara mai kyau, ta ce, "Wannan mara hankalin, Baaba."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Maamobi. Alhaji da kansa ya tsara katin, bai bar kowa ya leƙa ba sai da ya fito daga wurin bugawa. Sunansa ne a sama da manyan haruffa, sai na amarya. Na ango yana can ƙasa, sai an matso da katin kusa da ido.

"Chale, jama'a, ko da tabarau ba a ganina," in ji Muftahu.

"Gode wa Allah da aka sa ka, Angona," in ji Ruhaina.

Da za a kai ta Nima, Alhaji ya dafa kansu su biyu. "Allah ya ba ku haƙurin jiran juna. Allah ya sa albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba."

Tsakar gida ta amsa da amin. Sannan ya miƙa wa Ruhaina laftof ɗin, ya ce ta riƙa kawo masa shi kowace safiya, kunnawa kuwa shi zai yi da kansa.