Bidiyon Malam Almu

"To ka sa shi ya yi magana mana," in ji Ibtisam. "Ba sana'arka ba ce?"

Izzuddeen bai ɗago kai daga bidiyon da ke kwamfutarsa ba. Ya ce mata matsalar daga manhaja take. Ta ce matsalar daga shi take, ta figi mayafinta ta fice.

Shekara biyu yana zuba wa mutanen garin Mai Wurno waƙoƙi da wa'azi a katin waya, a shagonsa na bakin tashar motocin Sinnar. A nan ya fara ganinta. Ta zo a sa wa Iyarta karatun Alƙur'ani, ya tsaya kallonta, ya zuba mata waƙoƙin biki. Ta dawo da faɗa, kuma tun daga ranar ba ta daina dawowa ba.

Yanzu aurensu ya maƙale a cikin kati ɗaya. Mahaifinta, Malam Almu, yana haƙar zinariya can arewa inda waya ba ta shiga. Da aka aika masa da maganar, sai ya ɗauki amsarsa a bidiyo da wata wayar aro, ya bai wa direban lori katin.

Hoto ya fito, murya babu. Ga tsoho nan ya ɗaure fuska, yana kaɗa hannu, yana girgiza kai. Kawu Gambo, kawun Ibtisam, wanda ya daɗe yana yi wa ɗansa Musbahu kwaɗayin yarinyar, ya kalla sau uku ya ce ko kurma ya san an ƙi. Har Musbahu ya soma zagaya gidan su Ibtisam da raksharsa, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yana horn.

Da la'asar saƙonta ya shigo:

"Habibi, yi haƙuri da bakina. Ban ci abinci ba. In Abba ya ƙi ka, ni dai na ƙi raksha."

Ya amsa da sunan da yake kiranta: "Ci abinci, Basmata. Gobe zan je birnin Madani."

Ya je, ya samo wata manhajar wurin wani ɗalibin jami'a. Bai buɗe bidiyon shi kaɗai ba. Ya ɗauko kwamfutar da lasifika ya girke a tsakar gidan su Ibtisam, gaban Iya da Kawu Gambo da maƙwabtan da babu wanda ya kira. Sannan ya danna.

Muryar Malam Almu ta cika gidan. Minti huɗu cur yana tsine wa ƙudajen ramin, yana kora, yana rantsuwa bai taɓa ganin irinsu ba. Sannan ya gyara zama.

"Yaron nan mai shago, na san ubanshi. Na ba shi. Allah shi yi albarka. Amma da sharaɗi guda..."

Allon ya yi baƙi. Izzuddeen ya ce katin ne ya cika. Kawu Gambo ya nemi a jira sharaɗin, Iya ta rufe bakinsa da guɗa.

Ranar Juma'a aka ɗaura. An ci, an sha jabana, wato gahawa, tsofaffi sun yi addu'ar zuri'a ta gari. Musbahu ne ma ya kwaso 'yan kai amarya.

Da safe ta kawo masa shayi, ta zauna dab da shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Angona, tsakaninka da Allah. Katin ne ya cika, ko yatsanka ne ya taɓa wani wuri?"