Hudar Allura a Teburin Da Ablavi

Ranar wata Talata da hantsi, Fo Messan, mai kula da kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa a Lome, ya ɗauko kartar teburin cacar ashirin-da-ɗaya zai goge, sai ya ji ƙurji-ƙurji a yatsa. Ya ɗaga ga haske. Kowane kati an huda shi da allura.

Nan take ya kira 'yan sanda, ya ce wa mai rabon kartar, Da Ablavi, ta tuɓe rigar aiki. Shekara goma sha tara tana raba karta a teburin nan, ko sefa ɗaya bai taɓa maƙale mata a hannu ba. To amma kowa ya sani, huda mai rabo take yi wa amfani.

Sufeto Agbeko aka turo. Kayya, zamani! A lokacin fanka na juyawa a rufi, ƙamshin soyayyen kifi na shigowa daga bakin teku, mutane na sa kwat don su zo wasa. A teburin nan shi ma Agbeko ya koyi karta yana saurayi.

"Da Ablavi, wa ke cin kasuwa kwanan nan?"

"Babu, Sufeto. Wanda ke faɗuwa yana nan yana faɗuwa."

Ya kira Kodjovi, tsohon direban jirgi mai zafin kai.

"Ni? Da na san abin da ke cikin karta, da na sayar da babur ɗina? Tambayi matata!"

Agbeko ya sallame shi. Mutumin da ke dukan tebur in kartarsa ta zarce ashirin da ɗaya ya ƙone ba shi da haƙurin zama da allura. Ya baje kartar yana dubawa. Macuci manyan katuna kawai, goma da as, yake yi wa alama. Nan kuwa biyu huda biyu, bakwai huda bakwai, kowane kati da adadinsa.

"Wa ke rigan kowa zuwa?"

"Papa Sewa," in ji Fo Messan. "Yakan karɓi kartar ya zauna bakin taga. Haba Sufeto, ba dai shi ba!"

Papa Sewa tsohon shugaban tasha ne, shi ya koya wa rabin kulob ɗin wasa. Karatunsa uku ne: kada ka bi asara da gudu, kada ka ƙara kati a kan sha bakwai, ka san lokacin tashi.

Da la'asar ya iso da farar kwat ɗinsa. Agbeko ya ɓare sabuwar karta marar huda, ya miƙa wa Da Ablavi.

"Papa, mu taɓa hannu ɗaya, don tuna baya."

"Har yanzu kana haɗama, ɗana?"

"Na rage."

Ta ba tsoho kati biyu a kife. Ya ɗauka, babban yatsansa ya shafa gefe, ya sake shafawa. Agbeko na tsaye a bayansa yana gani: sarki da goma, ashirin cif.

"Ƙaro," in ji Papa Sewa.

Agbeko ya yi wa Da Ablavi alama ta dakata.

"Papa," in ji Agbeko a hankali, "shekara talatin ba ka taɓa ƙarawa a kan sha bakwai ba. Yau ka ƙara a kan ashirin. Wanda ya huda kartar nan ba ta wani yake son gani ba. Tasa yake son karantawa."

Tsoho ya kife katin.

"Tun bara idon ya fara tafiya. Da safe bakin taga, da gilashin ƙara girma, nakan ɗan gani. A tebur kuwa hayaƙi ne. Ban cuci kowa ba, Agbeko."

"An kori Da Ablavi saboda kai."

Nan ne fuskarsa ta canza. Bai sani ba, kuma ya ji ciwon abin ƙwarai.

"Messan, mayar mata da rigarta. Laifin nawa ne."

Agbeko ya rufe littafinsa, bai rubuta komai ba. Zuciyarsa ta karye, don yana ƙaunar tsohon nan.

"Kai ka ce mana mu san lokacin tashi, Papa."

"Na faɗa," in ji Papa Sewa, yana lalubar hularsa a inda ba ta. "Ban dai gaya muku inda mutum zai je in ya tashi ba."

Da Ablavi ta ɗauko hular, ta sa masa a hannu.