Nari da Inabin da Ba a Yanka Ba

A wani ƙauye kusa da garin Yeongdong akwai wata yarinya mai suna Nari. Shekarunta goma. Tana zaune da Abbanta da Ummanta da Kaka, mahaifiyar Abba. Tana da ƙane guda, Dongha, ɗan shekara ɗaya da rabi.

Gonar inabi gare su a bayan gida. Idan watan Agusta ya kama, babu mai zama. Tun da sassafe Abba da Umma suke shiga gona suna yankan inabi suna jerawa a kwali. Kaka ce take zama da yara, don makaranta tana hutu.

Kullum kafin Umma ta fita sai ta shirya wa Dongha nasa. Ta wanke hannu, ta wanke inabin a bakin famfo. Ta ɓare bawon, ta cire 'ya'yan ciki, ta tsaga kowace ƙwaya gida huɗu. Sannan ta zuba a roba mai murfi, ta rubuta ranar a kai, ta sa a firji.

Wata safiya Nari ta ce, "Umma, wannan wahala haka? Ai yana da haƙora."

Umma ta ce, "Haƙoran nan ba su isa su tauna inabi ba. Maƙogwaronsa bai fi ƙaramin yatsanki faɗi ba. Kada ki taɓa ba shi wanda ba a yanka ba. Wanda ya wuce kwana biyu a firji, ko ya daɗe a waje cikin zafi, shi ma ba nasa ba ne. Kina ji na?"

"Na ji," in ji Nari. Amma idonta yana kan talabijin.

Ranar Talata aka yi zafi mai tsanani. Bayan sun ci shinkafa da miyar kokwamba mai sanyi, Kaka ta shimfiɗa tabarma a gaban fanka.

Ta ce, "Bayana ya riƙe, bari in ɗan miƙe. Idan ɗan kwikwiyon nan nawa Dongha ya farka, ki ba shi inabinsa na cikin roba. Ki zauna kusa da shi har ya gama."

Nari ta buɗe firji za ta sha ruwa. Sai ga robar Dongha. Inabin ya yi sanyi, ga shi babu bawo. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Ta ƙara ɗaya. Kafin ta ankara, robar ta zama wayam.

Can Dongha ya farka. Ya tako yana jan rigarta, yana cewa, "Yaya, nabi! Nabi!"

Nari ta kalli robar da ta zama wayam. Idan ya fashe da kuka, Kaka za ta tashi ta ga robar. A bakin ƙofa akwai kwandon inabi da Abba ya ajiye. Ta tsinko guda biyar, ta ɗauraye, ta zuba masa a ƙoƙonsa. Ta ce a ranta, "Sau ɗaya ai ba komai." Ta koma gaban talabijin.

Bayan ɗan lokaci sai ta ji ɗakin ya yi shiru. Ta waiga.

Dongha yana tsaye, bakinsa a buɗe, amma babu sauti. Ba ya kuka, ba ya tari. Fuskarsa ta yi ja, leɓensa ya fara duhu.

Nari ta kurma ihu. "Kaka! Kaka!"

Kaka ta zabura. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ta kifa shi a cinyarta, kansa ƙasa, ta buga tsakiyar bayansa da tafin hannu.

Ta ce, "Kira 119! Maza!"

Nari ta ɗauki waya ta danna lambar kiran motar asibiti. Tana jin bugun Kaka. Ɗaya. Biyu. Uku. Babu komai. Hannayen Dongha suka saki. A bugu na biyar inabin ya faɗo kan tabarma, guda, ko tsagewa bai yi ba.

Dongha ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya yi wani siririn kuka.

Umma ta shigo da gudu daga gona, almakashi a hannunta, ko takalmi ba ta cire ba. Motar asibiti ta zo ta tafi da ita da Dongha. Likita ya ce sai ya kwana biyu, don a duba ƙirjinsa.

Da la'asar Abba, wanda ya bi su a baya, ya dawo daga asibiti. Ya ga ƙoƙon a ƙasa, da inabi huɗu a ciki. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Inna, wa ya ba shi wannan?"

Kaka ta kama kanta da hannu biyu. "Ban sani ba. Na duba robarsa, babu komai. Ko ni ce na zuba masa cikin magagin barci? Kwanakin nan ina yawan mantuwa. Shekaranjiya ma na bar tukunya a kan wuta."

Nari tana tsaye a bayan ƙofa. Ta buɗe baki, ta rufe.

Washegari ta ji Abba yana waya da ƙanwarsa ta birnin Daejeon. Yana cewa, "Gara Inna ta dawo wurinki. Ba zan iya sake barin yara a hannunta ba."

Kaka ba ta yi musu ba. Ta ƙi cin abinci. Ta zauna a ɗakinta tana ninke kayanta tana sawa a jaka. Shekara arba'in da biyar ke nan tana gidan nan, ita ce ma ta dasa inabin farko a gonar.

Nari ta leƙa. Kaka ta yafito ta da hannu.

Ta ce, "Zo, 'yata. Ki kula da ƙaninki da kyau. Ni na zama tsohuwar banza. Saura kaɗan in kashe jikana." Hawaye ya bi kumatunta.

Nari ta kasa jurewa. Ta fita da gudu ta shiga gona, ta sami Abba a ƙarƙashin rumfar inabi.

Tana kuka ta ce, "Abba, ba Kaka ba ce. Ni ce! Ni na cinye nasa. Ni na ba shi wanda ba a yanka ba."

Abba ya ajiye almakashi. Bai daka mata tsawa ba, amma fuskarsa ta ba ta tsoro.

Ya ce, "Jiya kina nan na tambaya?"

"Ina nan."

"Kuma kika bar Kakarki ta ɗauki laifin?"

Nari ta sunkuyar da kai.

Abba ya kama hannunta suka koma gida. A gaban Kaka ya durƙusa, goshinsa har ƙasa. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ke kika ceci ɗana, ni kuma na zarge ki." Nari ma ta durƙusa ta faɗi duk abin da ta yi.

Kaka ta dube su. Can ta sauke dogon numfashi ta ce, "Ashe kan nan nawa da sauran amfaninsa! Ashe ɓera gare mu a firji!" Ta ja kunnen Nari kaɗan, sannan ta rungume ta. "To, ɓera, zo ki mayar mini da kayana inda suke."

Ranar Alhamis aka sallami Dongha. Ya shigo gida yana dariya, yana neman Yayarsa. Umma ta ji labarin duka. Ta hana Nari kallon talabijin har a koma makaranta.

Ta ce mata, "Da kin tashi Kaka bayan kin cinye nasa, da faɗa kawai za ki sha. Ɓoyewar ce ta kusa raba mu da Dongha, ta kusa raba mu da Kaka."

Tun daga ranar, idan Dongha yana cin wani abu, Nari tana zaune a gefensa, idonta a kansa har ya gama. Ta gane cewa ba a ba ƙaramin yaro 'ya'yan itace sai an wanke, an yanka ƙanana, an ajiye a wuri mai sanyi. Ta kuma gane cewa idan mutum ya yi kuskure, ya faɗa nan take, kada ya bar wani ya sha wahala a kan laifinsa.