Farin da ke Kafaɗar Inna Iyatu

Ranar Laraba bayan la'asar sakaliya, Ɗanmaliki ya koma shagonsa na ɗaukar hoto da ke bakin titi a Kankia. Babu wuta, don haka ya tayar da ƙaramin injinsa, ya kunna ƙwan lantarki, ya zauna gaban kwamfuta. Aiki ɗaya ya rage masa, hoton Inna Iyatu, yayar mahaifiyarsa da ke zaune a Kaikai. 'Yarta Haulatu ce ta matsa a ɗauke ta, a wanke babba a rataye a ɗaki, domin tsohuwar ba ta da hoto sai na katin zaɓe.

Ranar nan da hantsi ya so isa Kaikai, amma babur ɗinsa ya yi faci a hanyar Kusada, bai isa ba sai da rana ta take tsaka. Ɗakin Inna duhu gare shi, sai ya fitar da kujera bayan gida, ya ajiye kusa da wata tsohuwar rijiya da aka cike da ƙasa. Inna ta tsaya tana kallon wurin kamar za ta yi magana, sannan ta gyara mayafi ta zauna. Ya ɗauka sau uku, ya sha fura, ya kamo hanya.

Da ya buɗe hoton, abin da yake gudu shi ya gani. Rana ta doki man kaɗen da ta shafa, goshinta da karan hancinta sun yi fari fat. A kafaɗarta ta hagu kuma ga wani babban tabo, kamar an watsa mata nono. Ya duba sauran biyun. Tabon na nan, a wuri ɗaya.

Bai damu ba, kullum aikinsa ke nan. A manhajar gyaran hoto akwai ɗan layi mai maɓalli, in ka ja shi hagu, wuraren da haske ya ƙona su kaɗai ke sauka, sauran hoton ba ya taɓuwa. Ya ja a hankali. Goshin ya dawo launin fata, tamoji suka fito, har tsagar da ke kumatunta ta bayyana sarai. Ya yi murmushi.

Kafaɗar dai ba ta canja ba.

Ya zagaye wurin shi kaɗai, ya ƙara ja. Farin ya koma ruwan toka. A cikin tokar ya ga wasu layuka huɗu a jere. Ya zaci naɗin mayafi ne, ya zuƙo hoton kusa.

Yatsu ne. Dogaye, sirara, da laka maƙale a farcen. Sun dafa kafaɗar Inna daga baya.

Ya janye hannunsa daga maus, linzamin kwamfutar. Ya tuna sarai, babu kowa a bayanta sai katangar kara. Ya ce a ransa ko hoton wani ne ya hau kan wannan, amma ya san kyamararsa ba ta yin haka. Ya yi bisimilla, ya ƙara ja kaɗan, don ya tabbatar.

Sai ga gaɓar hannu. Sai ga haɓa, an ɗora ta kan kafaɗar tsohuwar kamar yadda ɗiya ke yi wa uwarta. Fuskar mace ce, doguwa, idanunta a rufe.

A nan ya fara jin warin. Warin ƙasar da ta daɗe a jiƙe, irin na gindin randa, da gansakuka. Watanni ke nan rabon Kankia da ruwan sama. Ƙarar injin da ke waje ta yi nisa, kamar an kifa masa kwano. Ƙwan lantarkin ya dushe, ya koma ja.

Wayarsa ta yi ƙara, har ya zabura. Haulatu ce, muryarta can ƙasa.

"Yaya, Inna ba lafiya. Yanzu-yanzu tana tsince wake ta faɗi gefe guda."

"Me ya same ta?"

"Ta ce an danne mata kahwaɗa. Numfashi na gagararta. Yaya, ɗakin ya yi duhu, kuma ga rana nan waje ba ta faɗi ba."

"Wace kafaɗa?"

"Ta hagu."

Ya ɗaga ido ya kalli kwamfutar. Hannunsa ba ya kan maus, amma maɓallin yana tafiya hagu. Da kansa. A hankali.

Sararin da ke cikin hoton ya fara rufewa. Katangar kara ta yi baƙi. Fuskar Inna ta soma nutsewa, ita kuwa waccan tana ƙara fitowa, har ana ganin ruwa na bin gashinta.

"Yaya, ta daina amsa ni!"

Nan ya gane. Hasken nan da ya yi ta ragewa, shi ya riƙe waccan matar, ya hana ta fitowa.

Ya saki wayar, ya damƙi maus. Sanyi ƙalau, a jiƙe. Ya ja dama. Maɓallin ya ƙi motsi.

Wani abu ya ɗiga a bayansa. Ɗis. Ɗis.

Bai waiwaya ba.

Idanun cikin hoton suka buɗe. Babu baƙi a cikinsu. Ba Inna suke kallo ba, shi suke kallo.

Sai nauyi ya sauka a kafaɗarsa ta hagu. Yatsa ɗaya, sannan na biyu, na uku, na huɗu. Sanyinsu ya ratsa rigarsa har ƙashi. Wata haɓa ta nemi wuri kusa da wuyansa.

"Ƙara kaɗan," in ji wata murya, cikin raɗa, daidai kunnensa. "Saura kaɗan."

Ya buɗe baki, Ayatul Kursiyyu ta ɓace masa. Ya sake farawa. Harshensa ya yi nauyi kamar an cusa masa laka. Ya kama ta daga farko, yana jan kalma ɗaya-ɗaya, hawaye na zuba.

Ya haɗa hannu biyu a kan maus. Ya ja da duk ƙarfinsa.

Maɓallin ya motsa.

Yatsun suka nutse cikin namansa. Ya yi ƙara, bai saki ba.

Dama. Dama. Har ƙarshen layi.

Hoton ya wanke fari tas, babu Inna, babu katanga, babu kowa. Haske ya cika shagon har ya rufe ido. Ƙwan lantarkin ya fashe, tau! Wani abu ya ja dogon numfashi a bayansa, kamar guga na faɗawa rijiya.

Nauyin ya ɗauke.

Bai san yadda ya fita ba. Ya tsinci kansa a tsakiyar titi, ba takalmi, wata babbar mota ta taka burki tana hon, direban na zaginsa. Masu shayi suka janyo shi gefe. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, aka kira magariba.

Daga baya Haulatu ta gaya masa cewa a wannan lokacin ne Inna ta yi tari, ta tashi zaune, ta nemi ruwa.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Da ya warke, akwai shaida huɗu baƙaƙe a kafaɗarsa, kuma har yau hannun nan ba ya ɗaguwa sama da kai. Ya sayar da kwamfutar ga masu gwangwan bayan ya farfasa ta da guduma. Bai daina sana'a ba, amma ba ya ɗaukar kowa tsakanin hantsi da azahar, ko da ango ne. In hoto ya zo da tabon haske a inda babu mai, babu gumi, babu ƙarfe, barinsa yake yi yadda ya zo.

Bayan wata guda ya wanke hoton daga katin kyamara, bai gyara komai ba, ya kai Kaikai da yamma. Inna Iyatu ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Ɗanmaliki, mi ka gani rannan?"

Ya mayar da idonsa kan tabarma.

"Ina 'yar shekara bakwai na faɗa rijiyar nan," ta ce. "Da aka jawo ni, ba ni kaɗai na hito ba. Shi ya sa Baba ya cike ta."

"Inna, me ya sa ba ki hana ni ajiye kujerar a wurin ba?"

"Ka sha rana ka zo, ɗan nan. Kunya na ji."

Ta ɗora babban yatsanta a kan farin, ta rufe shi ruf.

"Bar shi haka," ta ce. "Shekara sittin ina ɗauke da ita, ban taɓa son ganin fuskarta ba."