Burgar Gatsa Ɗaya

Na'urar Gani-Dafa ta kalli wani fim sau dubu huɗu cikin minti biyu, sannan ta turo burgar abarba, wato burodi mai nama da abarba a tsakiya, a kan faranti, tana sheƙi kamar sabon takalmi. Aikinta ke nan: duk abincin da ya fito a majigi sai ta auna launinsa da tururinsa, ta ƙera shi kafin ɗan kallo ya haɗiye yawu.

Kande ta shekara ashirin da shida tana girki a Sinimar Tauraro ta Sabuwar Gusau. Yau manaja Badamasi zai ɗanɗana burga biyu, ya zaɓi mai riƙe kicin, ko ita ko na'ura.

Ita ma Kande ta ga fim ɗin, sau ɗaya: wani jarumi a bakin tekun Hawai ya gatsi burga, ya lumshe ido, aka wuce. Sai ta gasa yankan abarba a garwashi har gefensa ya ƙone, ta barbaɗa yajin tsire, ta ɗora a kan niƙaƙƙen naman sa. Ruwan abarbar ya jiƙa burodin, burgar ta karkace.

"Kande, mota ce ta taka wannan?" in ji Badamasi.

"Ranka ya daɗe, ci za a yi, ba aurenta ba."

Ya gatsi tata, ya gyaɗa kai. Ya gatsi ta na'ura, ya lumshe ido kamar jarumin.

Kande ta jawo farantin na'urar, ta sa wuƙa. Gatsar farko kaɗai ce abinci. Sauran duk soso ne mai launin nama. A fim ɗin sau ɗaya jarumin ya gatsa, kuma abin da kyamara ba ta nuna an ci ba, na'ura ba ta ga dalilin dafa shi ba.

Badamasi bai ko girgiza ba.

"Wata uku muna gwada ta, ba wanda ya yi ƙorafi. Hoto suke ɗauka, su gatsa, su ajiye."

Ya dangwala yatsa a allo, kicin ya zama na na'ura. Sannan, da yake tun safe bai ci komai ba, ya miƙa hannu wajen ragowar burgar Kande.

Ta riga shi. Ta naɗe ta a takarda.

"Taka ga ta can, ranka ya daɗe. Da saura da yawa."

Ta kinkimi murhunta ta tsallaka titi, ta kafa shi daidai ƙofar fita, inda mutanen da suka ƙoshi da hoto ke fitowa da yunwa.