Ƙafafun Kaka Tamar

A Kagoro, a gindin dutse, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da babanta da kakarta, Kaka Tamar.

Tun Kaka tana amarya take girki a wani ɗan ɗaki marar taga. Hayaƙin itace ya sa mata tari, har mutanen gida suka saba da jinsa.

Wata Lahadi suna shirin tafiya coci, takalmin Kaka ya ƙi shiga. Yarinyar ta durƙusa ta taimaka mata. Sai ta ga ƙafafun sun kumbura. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba.

Ta ce, "Kaka, bari in kira Baba."

"Kada ki kira shi," in ji Kaka. "Lokacin haƙar citta ne. In ya bar gona, me za mu ci? Yi mini alkawari."

Yarinyar ta yi alkawari.

Kumburin ya yi ta hawa har ciki. Kaka ta daina zuwa taron zumuntar mata a coci, don ko ƙofar gida ta taka sai haki. Yarinyar tana gani, ta yi shiru.

Ran nan ta dawo daga makaranta ta tarar da Kaka a ƙasa, ta jingina da rumbu. Leɓɓanta sun yi duhu, numfashi da ƙyar. Yarinyar ta ruga gona ta kira Baba. Aka ɗauki Kaka a mota sai asibiti a Kafanchan.

Likita ya ce wa Baba, "Hayaƙi ya ɓata mata huhu. Ɓangaren dama na zuciya ke tura jini zuwa huhu. Ya yi ta fama har ya gaji, shi ya sa ruwa ya taru a jikinta. Tun yaushe ƙafafun suka kumbura?"

Baba ya juya ya dubi yarinyar.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Sun daɗe, Baba. Kaka ce ta ce kada in faɗa."

Baba ya dafa kanta. Ya ce, "Na san don kina sonta ne. Amma da ta mutu fa?"

Aka ba Kaka magani, kumburin ya sauka. Tarin bai bar ta gaba ɗaya ba, amma ta dawo gida da ƙafarta. Baba ya kafa rumfar girki a fili, inda iska ke kwashe hayaƙi.

Kaka ta kira jikarta ta ce, "Ni na ɗora miki nauyin da ya fi ƙarfinki. Ki yafe mini."

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ba a ɓoye ciwo. Ko wa ya ce ka yi shiru, ka gaya wa manya da wuri.