Gayyar Shanu Biyu

A bakin rijiyar Ƙofar Dundaye suka fara haɗuwa, shekarar da En'e, hukumar Sarki ta zamanin Nasara, ta fara ɗaukar malaman gona. Muntari yana cikinsu. Ya zo shayar da bijimai biyu da aka ba shi don ya nuna wa talakawa noma da garmar shanu. Sadiyatu tana jan ruwa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne malamin da shanu ka yi ma noma? To kai mi kaka yi?"

"Ni kallon masu jan ruwa nika yi."

Ta yi dariya har guga ya suɓuce mata. Shi ya ciro shi. Kafin wata biyu tana kiransa Malamina, shi kuma yana ce mata Sadiyata.

Ubanta Na'Allah manomi ne mai taurin kai. Da maganar ta je kunnensa, ya tofar da yawu.

"Bawan Nasara? Wanda bai iya riƙon hauya ba? Ga Mode ɗan Sarkin Hatsi na sonta."

"Baba, ni ban son Mode," in ji Sadiyatu. "Ko kashe ni za ka yi, ban son shi."

Na'Allah bai yi mata dole ba. Ya ce Mode da Muntari kowa ya kira gayyarsa ranar Asabar, a raba gonarsa ta fadama biyu, wanda aikinsa ya gamshe shi, shi ne suruki.

Kwana huɗu Muntari bai zo zance ba. Sadiyatu ta ɗauka ya tsorata, ta daina cin abinci. Sai gwaggonta ta kawo mata takarda da ajami:

"Sadiyata, ban gudu ba. Gida gida na bi, kowa ya ƙi zuwa gayyata. Da shanuna zan zo. Ki ci tuwo."

Ranar Asabar Mode ya iso da ƙarti talatin da makaɗa. Muntari ya iso shi kaɗai, har mai ja masa shanun ya ɓuya. Garma kuwa aikin mutum biyu ce, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. Shanun suka yi ta karkacewa, ƙarti suna shewa.

Sadiyatu ta kawo wa masu aiki fura. Ta dire ƙwaryar, ta ɗaure zanenta tamau, ta kama igiyar shanun.

"Ke! Aje igiyar ga!" Na'Allah ya daka tsawa. "Gaban jama'a?"

"Gayya ka ce, Baba. Ba ka ce ban da ɗiyarka ba. Malamina, mu tahi."

Suka tafi, layi bayan layi, laka har gwiwa, babu wanda ya waiwaya.

Mutanen Mode ne suka riga gamawa, suka hau guɗa da kiɗa. Na'Allah ya miƙe don duba aikin. Ya shiga ɓangarensu ya cusa hannu a ƙasa, zurfin yatsa biyu kawai ya taras da tauri. Sama kawai suka karce don sauri. Ya koma na Muntari, ya cusa, ya nutse har wuyan hannu. Ya daɗe a tsugune yana murza ƙasar.

"Har gobe ban son Nasara," ya ce. "Amma wanga noma ne. Wa ya koya maka?"

"Zan koya maka kyauta, Baba. Aikina ke nan."

"Rufa min baki. Turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Waɗanda suka ƙi zuwa gayya su suka cika ƙofar gida, kowa yana tambayar ranar da ango zai leƙa gonarsa. Amarya ta aiko daga ɗaki cewa sai bayan sati, wanda ya matsu ya ɗauki hauyarsa.

Allah ya ba su zaman lafiya, da zuri'a mai albarka, da damina mai kyau. Amin.